Yadda Ake Zaɓar Fitila Don Ƙaramin Akwatin Murjani, Da Abin Da Kwalin Fitila Ba Ya Faɗa

Duk mai yawan leƙa TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da bidiyon wani akwatin gilashi cike da ruwan teku, haskensa shuɗi, a ciki ga wasu abubuwa kamar rassan bishiya suna ƙyalli, wani kore shar, wani ruwan lemo, wani ruwan hoda, ƙananan kifaye na zagaya su. Waɗannan rassan murjani ne mai rai, kuma shuɗin hasken nan ba don ado kawai aka sa shi ba. Da shi murjanin ke samun abinci.

Matashin da abin ya burge shi a Katsina, wurin da zai fara nufa shi ne Babbar Kasuwa, wajen masu kayan wuta. A can zai tarar da fitilun LED iri-iri: ƙwan ɗaki, doguwar fitila, fitilar haska fili, da igiyar haske mai canza launi da ake maƙalawa a silin. Mai shago zai kunna masa ɗaya ta kashe masa ido, a jikin kwalin an rubuta wat 50 ko wat 100, farashin kuma da sauƙi. Idan ya ɗora ta a kan murjani, ba a ranar zai ga matsala ba. Sai bayan makonni launin ya fara komawa ruwan ƙasa, ko kuma ya yi fari fat ya mutu. Asarar ba ƙarama ba ce, domin Katsina ta fi kilomita 1,000 daga teku ta hanyar mota, kuma gaɓar tekun Najeriya ma ba ta da tudun murjani irin na Bahar Maliya, saboda laka da ruwan daɗi da koguna ke zubawa. Duk ɗan reshen da ya iso nan daga wata ƙasa ya fito.

Murjani dabba ne mai noma a cikin jikinsa

Bahaushe ya daɗe da sanin murjani, amma a wuyan mata ya san shi. Jan murjanin da fatake suka riƙa kawowa ta Sahara daga Bahar Rum ƙashin wata dabbar teku ce da ke zama a kogo da wurare masu inuwa, ita ba ruwanta da hasken rana. Murjanin da ake kiwo a akwati danginsa ne, amma rayuwarsu ta sha bamban.

Murjani mai ƙashin dutse tarin ƙananan dabbobi ne, kowace da bakinta da ƴan yatsu kewaye da shi. Suna ɗebo sinadarai daga ruwan teku su gina wa kansu gida da irin dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Sakkwato ana yin siminti. A cikin naman jikinsu kuma akwai miliyoyin ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, masana na kiransu zozanteli. Waɗannan ƙwayoyi ne ke karɓar haske su haɗa abinci yadda ganye ke yi, sai su ba murjanin mafi yawansa a madadin masauki. Ke nan fitilar da ke saman akwati ita ce ranar gonar.

Ruwan teku yana tace hasken rana. Jan haske yana ƙarewa a ƴan mitocin farko, shuɗi shi ne ke ratsawa ya yi nisa. Don haka ƙwayoyin nan sun fi cin moriyar shuɗin haske da mai kama da shunayya, wato tsakanin nanomita 400 zuwa 500 a ma'aunin tsawon zangon haske. Wannan lamba ce ya kamata mai saye ya riƙe a ka.

Wat, lumen da kelbin

Lambobi uku aka fi rubutawa a kwalin fitila, kuma babu ɗaya a cikinsu da aka yi don murjani.

Wat ma'aunin wutar da fitila ke sha ne, ba hasken da take bayarwa ba. Fitilu biyu masu wat 30 suna iya bambanta ƙwarai, ɗaya ta fi mai da wutar haske, ɗaya ta fi mai da ita zafi. Ga kuma matsalar da duk mai sayen kayan wuta ya sani: lambar da ke kwali takan fi gaskiya girma. Akwai hanya mai sauƙi ta kama wannan. Idan fitilar tana da adafta a waje, a duba abin da aka rubuta tana fitarwa, a ninka bolt da amfiya. Adaftar da ke ba da bolt 12 da amfiya 1, iyakarta wat 12, ko da an rubuta wat 100 da jan rubutu a kwalin. Nauyi ma shaida ne. Fitilar da ke shan wat 50 na gaskiya dole ta zo da alminiyam mai kauri a bayanta don fitar da zafi. Wadda ba ta da nauyi a hannu, jikinta duk roba, ba ta kai ba.

Lumen shi ya fi yaudara, kuma a nan ya kamata a daɗe. Lumen yana auna haske ne yadda idon ɗan Adam ke ganinsa. Idon mutum ya fi jin haske mai launin kore zuwa rawaya, wajen nanomita 555. A nanomita 450, inda shuɗin da murjani ke so yake, abin da ido ke ji bai kai kashi 4 cikin 100 na wancan ba. Ma'ana, fitilar shuɗi mai ƙarfin da zai iya ƙona murjani za ta bayyana ga ido kamar mai rauni, lumen ɗinta kuma kaɗan ne. Farar fitila mai lumen da yawa za ta cika ɗaki da haske, alhali kason da murjani zai amfana da shi bai taka kara ya karya ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A sha'anin murjani ko ƙimar bai sani ba. Masu kiwo da yawa sun kashe murjaninsu ne da yawan haske, saboda sun ga akwatin kamar da duhu sai suka ƙara ƙarfi.

Kelbin kuwa launin farin haske yake nunawa. Ƙwan da ke ba da haske mai ɗorawa-ɗorawa yana wajen kelbin 2,700 zuwa 3,000. Farin da aka fi sayarwa a kasuwa 6,500 ne. Fitilun murjani suna kamawa daga 10,000 zuwa 20,000, inda farin ya rine da shuɗi. Lambar tana ba da alama, amma ba ta faɗin ƙarfi.

Wani abin sha'awa: farar LED ɗin kasuwa, har da tocilan waya, asalinta shuɗiya ce aka shafa mata wani sinadari mai rawaya a kai, haɗuwar biyun ta ba da fari. Mutum uku ƴan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su suka karɓi kyautar Nobel ta 2014 a kan ƙirƙiro shuɗiyar LED. Saboda haka fitilar kelbin 6,500 ba ta rasa shuɗi gaba ɗaya ba. Murjani mara ƙashi, mai juriya, yana iya rayuwa a ƙarƙashinta. Sai dai launinsa zai dushe, gansakuka mai gashi kuma ta mamaye gilashi da duwatsu.

Lambar da ake nema ita ce PAR

PAR yana ƙirga yawan ƙwayoyin haske tsakanin nanomita 400 zuwa 700 da ke sauka a kan wuri cikin kowace daƙiƙa, ba tare da la'akari da idon mutum ba. Ranar tsakar rana idan sama ta yi garau tana ba da kimanin 2,000. Murjani a akwati ba ya buƙatar ko kusa da haka.

Murjani mai ƙashin dutse kashi biyu ne a wurin masu kiwo. Akwai masu manyan baki da nama mai kauri, irin su Euphyllia da Duncanopsammia, waɗanda aka saba ba su PAR tsakanin 50 zuwa 150. Akwai kuma masu ƙananan baki da siraran rassa, irin su Acropora, da aka saba ba su 200 zuwa 350. Montipora yana tsaka-tsaki kuma ya fi haƙuri. Acropora shi ne wanda ya fi fitowa a bidiyo, shi ne kuma ya fi saurin mutuwa. Wanda ke fara wannan harka a gari mai zafi da ɗauke wuta, bai kamata ya fara da shi ba, ko da kuɗinsa sun kai.

Kamfanin da ya san abin da yake yi yana fitar da taswirar PAR ta fitilarsa: a nisan santimita kaza daga fitila, tsakiya kaza ne, gefe kaza ne. Nisan nan shi ne komai. Haske na raguwa da sauri; idan aka ninka nisa biyu, abin da zai sauka yana iya komawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Tallan da ya ce PAR 500 bai faɗi a wane nisa ba, cinikin biri a sama ne, don kusan kowace fitila za ta ba da wannan idan aka manna mata ma'auni a fuska.

Ƙaramin akwati mai lita 40 zuwa 80 zurfinsa yakan tsaya wajen santimita 30. A irin wannan, fitila mai kyau ta wat 15 zuwa 30 na gaskiya ta wadatar da murjani mai manyan baki. Ana rataye ta santimita 20 zuwa 30 sama da ruwa don hasken ya bazu. Fitilar da gilashinta ke tattara haske wuri guda takan ƙona abin da ke tsakiya ta bar gefe a duhu.

Abin da waya za ta iya

Na'urar auna PAR ta gaske, irin ta kamfanin Apogee, ɗaruruwan daloli ce, ta fi ƙaramin akwatin ma tsada. Shi ya sa mutane ke komawa ga manhajojin auna haske na waya. A wayoyin Android manhajar tana amfani da ɗan idon da ke saman fuskar waya, wanda ke ƙara ko rage hasken allo da kansa. A iPhone kyamara take amfani da ita. Abin da suke bayarwa luks ne, shi kuma luks ɗan lumen ne, da idon mutum aka tsara shi. A hasken rana ana iya raba luks da 54 a samu PAR. A ƙarƙashin shuɗiyar fitila wannan lissafi ba ya aiki, lambar za ta fito ƙasa da gaskiya nesa ba kusa ba.

Duk da haka wayar tana da amfani wajen kwatantawa. Kafin a zuba ruwa, a ajiye ta a tsakiyar akwati a rubuta lamba, a kai ta kowane lungu a rubuta. Idan lungu bai kai kashi ɗaya cikin uku na tsakiya ba, sai a ɗaga fitilar sama kaɗan. Bayan watanni kuma a sake aunawa a wuri ɗaya, a nisa ɗaya, don a ga ko fitilar ta fara rauni, ko ƙurar hunturu da busasshen gishiri sun rufe mata gilashi.

Abin da za a duba a jikin fitilar

Da wuya a samu fitilar murjani ta musamman a Babbar Kasuwa, don babu masu nemanta. Ana yin odarta ne ta intanet ko ta hannun masu sayar da kayan kifin ado a Legas da Abuja. Sunayen da suka yi fice a duniya sun haɗa da Kessil, da AI Prime ta kamfanin AquaIllumination, da Radion ta EcoTech Marine. Akwai kuma na Sin masu araha, wasunsu suna aiki, wasu kuwa kwali ne kawai. Ko wace ce, a tabbata an rubuta nanomitan ƙwayayenta. Mai kyau za ta ƙunshi shuɗi mai duhu wajen 450, shuɗi mai haske wajen 470, ɗan shunayya tsakanin 400 zuwa 420, sai fari kaɗan don ido ya ga kifi da launinsa.

Dole ta kasance ana iya rage mata ƙarfi, kuma gara a ce shuɗi da fari kowane da makunninsa. Fitilar da kunnawa da kashewa kawai ta sani, hanya ɗaya ta rage ta ita ce ɗaga ta sama. Masu tsada ana sarrafa su da manhaja ta Bluetooth ko Wi-Fi, a tsara musu fitowar rana da faɗuwarta. Abin birgewa ne, amma murjani bai damu da tsawa da walƙiyar ƙarya da wasu manhajoji ke yi ba. Kuɗin wannan gara a sa shi a batir.

Igiyar haske mai canza launi da ake ado da ita a shaguna ba ta shiga wannan layi. Shuɗinta na kallo ne, ƙarfinta bai kai ba.

Sai batun tsaro, wanda bai kamata a yi wasa da shi ba. Ruwan gishiri yana ɗaukar wuta fiye da ruwan famfo, yana kuma cin ƙarfe. Fitilar da ke aiki da bolt 12 ko 24 ta hanyar adafta da aka ajiye nesa da ruwa ta fi wadda bolt 230 ke shiga jikinta kai tsaye. A duba alamar IP65 ko sama, wadda ke nuna tana jure ƙura da feshin ruwa. A duba adafta ta ce tana karɓar bolt 100 zuwa 240, don kayan da aka yi wa Amurka kaɗai bolt 120 suka sani, da an soka su a nan za su ƙone. Wayar wutar kuma a bar ta ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket, yadda duk ɗigon da ya biyo ta zai faɗi ƙasa. Abubuwan da Babbar Kasuwa za ta bayar da kyau su ne soket mai kariya daga hawan wuta, ƙaramar fanka, ma'aunin zafi da agogon kunna wuta.

Wuta da zafin Katsina

Murjani yana son tsari, awa 8 zuwa 10 na haske kullum a lokaci guda. Wutar da KEDCO ke rabawa Kano da Katsina da Jigawa ba ta bin agogon kowa. Agogon kunna wuta mai juyawa yana tsayawa cak idan an ɗauke, ya ci gaba daga inda ya tsaya idan an kawo, cikin mako guda sai a tarar da rana tana fitowa a akwati da ƙarfe biyun dare. Mai lambobi da ɗan batir a ciki shi ke riƙe lokaci. Fitila mai manhaja ma a gwada ta tun ranar farko: a cire ta daga wuta na awa ɗaya, a mayar, a ga ko ta tuna jadawalinta.

Lissafin batir ba shi da wuya. Fitilar wat 30 na awa 9 ta sha wat-awa 270. Injin motsa ruwa na wat 10 da ba ya hutawa ya sha 240 a yini. Jimla 510. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma idan na dalma ne rabi kawai ake ci don kada ya mutu da wuri, wato 600, kuma inbata za ta ci nata kason. Ke nan da ƙyar ya kai yini guda ba tare da sola ta cika shi ba. Idan batir ya yi ƙasa dole a zaɓi ɗaya, fitila ake kashewa. Murjani yana jure kwana biyu ko uku a duhu, kamar yadda hadari ke rufe teku. Ruwan da ya tsaya cak kuwa, iskar shaƙa ta ƙare a cikinsa, cikin awoyi yake fara kisa.

Zafi shi ne babban abokin gaba. Ruwan akwatin murjani ana riƙe shi tsakanin digiri 24 zuwa 27. A Afrilu da Mayu zafin Katsina yakan kai digiri 40, ƙaramin akwati kuma yana bin zafin ɗaki nan da nan. Idan ruwa ya yi zafi ga haske mai ƙarfi, ƙwayoyin gansakukar nan sukan koma fitar da guba, sai murjanin ya kore su, ya bar farin ƙashi a fili. Abin da ya faru ke nan a babban tudun murjani na Ostareliya a 1998 da 2016 da 2024 da wasu shekarun, inda ƙarin zafi na kimanin digiri 1 da ya ɗauki makonni ya isa ya yi ɓarna. Wannan ne ya sa tsohuwar fitila mai ƙwan gas, wadda ke gasa ruwa kamar murhu, ba ta dace da nan ba. LED tana fitar da zafinta ta baya zuwa sama, muddin ba a rufe ta a cikin murfi ba.

Fanka da ke hura saman ruwa tana rage digiri kaɗan, musamman a busasshiyar iska irin ta Arewa, amma ruwan zai riƙa ƙafewa da sauri. Gishiri ba ya tashi da tururi, don haka da tataccen ruwa mara gishiri ake cikawa kullum, don a tsaya a kan giram 35 a kowace lita. Wata dabara ita ce a mai da lokacin fitila zuwa yamma da dare a watannin bazara, idan ɗakin yana da duhu da rana. Ta rage haɗuwar zafin gari da na fitila, sai dai ta ɗora nauyin a kan batir maimakon sola. Ranar da ma'aunin zafi ya haura 28, a rage ƙarfin fitila tun kafin murjani ya nuna alama. Wanda ɗakinsa ba shi da na'urar sanyaya iska da za ta yi aiki a bazara, gaskiya bai shirya wa murjani mai ƙashin dutse ba tukuna. Zai fi masa ya fara da akwatin ruwan daɗi mai tsirrai, wanda fitilar kelbin 6,500 ta Babbar Kasuwa ke riƙewa lafiya, ya koyi lissafin haske da wuta a kan abin da asararsa ba ta da ciwo.

Akwai kuma doka. Duk murjani mai ƙashin dutse yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda Najeriya ta sa wa hannu, ba ya ƙetare iyaka sai da takardar izini daga ƙasar da ya fito. Mai saye yana da haƙƙin tambayar dillali takarda, da kuma ko a gona aka yi renon reshen ko daga teku aka ɓalle shi. 

Makonnin farko

Sabon murjani ya kwana a duhun kwali a hanya, kuma ba a san ƙarfin fitilar da ya saba da ita ba. Ana fara masa da kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na ƙarfin fitila, a ajiye shi a ƙasan akwati, a riƙa ƙara kamar kashi 5 duk mako har a kai inda ake so cikin wata guda ko fiye. Ƙarancin haske yana ɗaukar makonni kafin ya yi illa kuma ana gyara shi. Yawan haske cikin kwanaki yake kisa.

Murjanin da kansa yana ba da labari. Idan saman da ke fuskantar fitila ya fara kodewa alhali ƙasansa na da launi, ko naman ya ƙi buɗewa da rana, haske ya yi yawa. Idan duk jikin yana komawa ruwan ƙasa, naman yana miƙewa sama kamar mai leƙe, haske ya yi kaɗan, ko kuma datti ya taru a ruwa. A canza abu ɗaya kawai a lokaci guda, a jira mako biyu.

Mai kallon akwati kullum ba ya lura da sauyin launi, don haka hoto ne shaida. Sai dai kyamarar waya tana rikicewa a shuɗin haske, komai ya fito kamar an tsoma shi a baba. Masu bidiyon TikTok ɗin nan wani ɗan gilashi mai ruwan lemo suke maƙalawa a kan kyamara, ya tare shuɗin ya bar ƙyallin da wasu sinadaran jikin murjani ke mayarwa. Don bin lafiya kuwa, a rage shuɗi a bar fari na minti ɗaya, a goge gilashi, a tsaya a wuri ɗaya, a ɗauki hoto duk Juma'a a sa'a ɗaya, a ajiye su a jaka guda a waya tare da lambar ƙarfin fitila da zafin ruwa na ranar.